Daga Aska Zuwa Hasken Leza: Tarihin Magance Jan Tabon Haihuwa da Matsayinsa a Ƙasar Ribah

3.0 Gabatarwa

Wannan babi zai bi diddigin hanyoyin da aka bi wajen neman kawar da tabon da ake haihuwar yaro da shi a fatar jiki, musamman irin wanda jijiyoyin jini ke haddasawa, tun daga zamanin aska da wuta har zuwa lokacin da aka ƙirƙiro na'urar leza. An zaɓi a dubi al'amarin ta fuskar ƙasar Ribah ne domin a auna abin da wannan dogon tarihi ya tanadar wa jinjirin da aka haifa a karkara, mai baƙar fata, wanda ungozoma da wanzami ne suke fara ganin jikinsa kafin kowane likita. Abin da babin ke son tabbatarwa shi ne, babbar ribar da aka ci a wannan fage ita ce sanin bambancin da ke tsakanin tabo da tabo, kuma wannan sani ya fi kusa da hannun mutanen Ribah fiye da ita kanta na'urar da ta yi suna.

3.1 Ribah da Matsayin Fuska a Wurin Mutanenta

Ribah ita ce hedikwatar Ƙaramar Hukumar Danko/Wasagu, ɗaya daga cikin ƙananan hukumomi huɗu na masarautar Zuru, sauran su ne Zuru da Fakai da Sakaba. Garin yana gabas da Zuru, ƙaramar hukumar kuwa ta yi iyaka da jihohin Zamfara da Neja. A da yankin yana cikin Jihar Arewa maso Yamma ta 1967, ya koma Jihar Sakkwato a 1976, sannan ya faɗa cikin Jihar Kebbi da aka ƙirƙira ranar 27 ga Agusta, 1991. Ƙidayar 2006 ta ba ƙaramar hukumar mutum sama da 260,000. Mazauna na asali su ne Lelna, waɗanda Hausawa ke kira Dakarkari, har ma ɗaya daga cikin kare-karen harshensu na C'Lela da sunan Ribah ake kiransa. Tare da su akwai Hausawa da Fulani da wasu ƙabilu da suka daɗe ana cuɗanya.

Turawan da suka yi rubutu a kan mutanen wannan yanki, irin su P. G. Harris a 1938 da kuma Gunn da Conant a 1960, sun tarar da al'ummar da ba ta barin fatar jiki haka nan, domin ana tsaga fuska, ana yi wa jiki zane na ado. Maƙwabtansu Kabawa da Zamfarawa su ma kowa da askarsa, ta yadda idan baƙo ya shigo kasuwa, kafin ya buɗe baki an riga an karanta asalinsa a kumatunsa. A irin wannan zama, tabo a fuska ba wani abin kallo ba ne a kan kansa, tun da yake kusan kowa yana ɗauke da nasa. Sannu a hankali zuwan makarantun boko da wa'azin malamai da na mishan da aikin soja, wanda mutanen Zuru suka yi fice a kansa, suka sa tsaga ta ja baya, har Dokar Haƙƙin Yara ta Tarayya ta 2003 ta zo ta haramta yi wa yaro tsaga ko jarfa a sashe na 24. Da fuska maras zane ta zama ita ce yayi, sai wanda aka haifa da tabo ya wayi gari shi kaɗai ake kallo. Wannan canji na da muhimmanci, domin shi ne ya mayar da abin da a da ake zama da shi lafiya ya koma abin nema wa magani, musamman ga 'ya mace idan ta tasa.

3.2 Suna Ɗaya, Abubuwa Daban-Daban

Bahaushe yana kiran ɗigon da aka haifi mutum da shi tawadar Allah. Sunan yana da kyau ƙwarai idan aka kwatanta shi da na wasu al'ummu. Larabawa suna kiran irin wannan tabo wahma, daga kalmar da ke nufin kwaɗayin mai ciki, Faransawa da Italiyawa ma sunan da suka ba shi yana komawa ne ga kwaɗayi, wato an ɗora wa uwa laifin cewa ta yi sha'awar wani abu ba ta samu ba, shi ne ya fito a jikin ɗanta. Bahaushe kuwa sai ya mayar da abin ga alƙalamin Ubangiji, ya wanke uwa. Binciken zamani ya goyi bayansa, domin a 2013 masana a Baltimore ta Amurka suka gano cewa shimfiɗaɗɗen jan tabo yana samuwa ne daga wani canji da ke aukuwa a ƙwayar halitta mai suna GNAQ lokacin da ɗan tayi ke ginuwa. Ba gado ba ne, ba ya kuma da alaƙa da abin da uwa ta ci ko ta gani.

To amma sunan yana da nasa lahani, shi ne ya tara abubuwa masu yawa a inuwa ɗaya. Akwai baƙin ɗigo na launin fata, wanda ba ruwansa da jini, shi kuwa ba ya cikin wannan nazari. Daga cikin masu nasaba da jini akwai wani ɗan ja-ja da ake gani a ƙeya ko fatar ido ko tsakanin gira, wanda jarirai da yawa ke zuwa da shi, kuma na fuska yakan ɓace da kansa cikin shekara ɗaya ko biyu. Akwai kuma wanda likitoci ke kira himanjiyoma, wato tsiron jijiyoyin jini. Shi galibi ba a haihuwar yaro da shi a fili, sai bayan mako ɗaya zuwa huɗu ya ɓullo, ya yi ta tasowa da sauri cikin watannin farko kamar nunannen ɗan itace, sannan ya tsaya, ya shiga lafawa a cikin shekaru. Ya fi kama 'ya'ya mata da bakwaini, kuma ya fi yawa ga fararen fata. Na ƙarshe shi ne shimfiɗaɗɗen jan tabo, wanda Turawa suka kwatanta launinsa da na jar giyar inabi. Wannan tun ranar haihuwa yake nan, ba ya tafiya ko'ina, yana girma tare da mai shi, idan shekaru suka ja ya ƙara duhu da kauri, wani lokaci har ya fid da ƙuraje masu zubar da jini. Shi ne irin wanda aka riƙa gani a goshin tsohon shugaban Tarayyar Sobiyat, Mikhail Gorbachev.

A fatar Bature waɗannan abubuwa a fili suke. A baƙar fata kuwa jan yakan koma shuɗi-shuɗi ko ruwan ƙasa mai duhu, ta yadda in ba an duba a cikin haske sosai ba, sai a ɗauka baƙin ɗigo ne kawai. Wani bincike da Jacobs da Walton suka yi a kan jarirai sama da dubu a Kalifoniya a 1976 ya sami shimfiɗaɗɗen tabon ga kimanin uku cikin dubu. Ko da yake ba a Afirka aka yi wannan ƙidaya ba, idan aka ɗora ta a kan yawan mutanen Danko/Wasagu na 2006, lissafin zai kai wajen mutum ɗari takwas. Wannan ba ƙaramin adadi ba ne ga abin da ake ɗauka baƙon al'amari.

Kada a zaci Bahaushe ne kaɗai ya cakuɗa su. Likitocin Turai ma sun shafe fiye da ƙarni guda suna kiran kusan kowane jan tabo da sunan himanjiyoma, tun daga rabe-raben da Rudolf Virchow ya yi a Jamus cikin shekarun 1860. Sai a 1982 John Mulliken da Julie Glowacki na Boston suka nuna cewa gida biyu ne: tsiro wanda ƙwayoyinsa ke hayayyafa sannan su lafa, da kuma tawayar ginin jijiya wadda ba ta hayayyafa kuma ba ta lafawa. Ƙungiyar masana wannan fanni ta duniya ta karɓi wannan rabo a 1996. Duk wahalar da za a ambata a sashe na gaba, rashin wannan rabo ne ummul'aba'isinta.

3.3 Aska, Wuta, Ƙanƙara da Radiyam

A ƙasar Hausa da maƙwabtanta, fatar jiki da jini fagen wanzami ne. Shi ke aske gashin jinjiri ranar suna, shi ke cire belu, shi ke tsagar gado da ta magani, shi ke kafa ƙaho domin fitar da abin da ake kira mataccen jini. Idan kumburi ya taso, hanyar da aka gada ita ce sakiya, wato a huda shi da ƙarfe mai zafi domin abin da ke ciki ya fita. Ga maruru mai mugunya wannan dabara tana da ma'ana. Matsalar ita ce himanjiyoma tana kama da maruru a ido, alhali babu komai a cikinta sai dunƙulen jijiyoyi. Idan aka tsaga ta, jini ne zai zuba, wurin ya zama gyambo mai wuyar warkewa, ƙwayoyin cuta su sami ƙofa, ciki har da tetanas mai sandarar da jiki, daga ƙarshe kuma a bar yaro da tabon da ya fi na asali muni. Abin da ya ƙara rikita lissafi shi ne, tun da yake tsiron zai lafa da kansa ko an taɓa shi ko ba a taɓa ba, duk wanda ya shafa masa wani abu yana iya cewa maganinsa ne ya ci.

Zai zama rashin adalci a tsaya a kan wanzami, domin abin da likitocin Turai suka yi a ƙarni na 19 bai bambanta da nasa ba sai a kayan aiki. Sun yanke, sun ɗaure gindin tsiro da zare don ya bushe, sun soka allura mai zafi, sun ɗiga ruwan asid. Wasu ma lambar rigakafin agana suke yi a kan tabon, da nufin idan wurin ya ruru ya warke, sai tabon lamba ya maye gurbinsa. A 1907 William Pusey na Chicago ya shigo da ƙona fata da busasshiyar ƙanƙara ta iskar kabon. A shekarun 1940 da 1950 kuwa Herbert Conway na New York ya riƙa cusa launi mai kama da na fata a cikin tabon da allura, wanda in an bi ta barawo jarfa ce irin wadda matan Hausa da Fulani suka sani, sai dai tasa ta ɓoyewa ce, tasu ta ado.

Mafi tsanani a cikin waɗannan hanyoyi ita ce ta radiyam, wani sinadari mai fitar da tururin da ke kashe ƙwayoyin jiki, wanda Marie Curie da mijinta Pierre suka gano a 1898. A wani asibiti da ke Istokholm ta ƙasar Suwidin kaɗai, an gasa jarirai sama da 14,000 da irin wannan tururi tsakanin 1920 da 1959 saboda jan tabo. Da aka bi sawunsu bayan shekaru masu yawa, sai aka tarar sankarar mama ta ƙaru a tsakaninsu, haka ma sankarar halittar nan ta gaban wuya wadda kumburinta ke kawo maƙoƙo. Abin takaicin shi ne, tun a 1938 wani likitan Ingila mai suna W. A. Lister ya wallafa sakamakon bibiyar da ya yi wa yara masu himanjiyoma na tsawon shekaru ba tare da ya taɓa su ba, ya nuna cewa tsiron yana bajewa da kansa. An yi shekara ashirin bayan wannan bayani ana ci gaba da gashi. Ke nan tsohuwar da ta ce a bar wa Allah abinSa ta fi masu radiyam dacewa da gaskiya, ko da yake ita ma, kamar yadda za a gani a gaba, ba kullum take da gaskiya ba.

Asibitin zamani ya iso yankin Zuru ne ta hannun 'yan mishan da En'e, inda mishan ɗin da ya zauna a Zuru tun shekarun 1920 ya gina asibiti a Tungan Magajiya kusa da Rijau. Aikin waɗannan wurare ya tattara ne a kan kuturta da gyambo da zazzaɓi da haihuwa, tabon da ba ya ciwo kuwa ba ya cikin abin da ake ɗaukar yaro a yi tafiyar yini saboda shi. Ana iya cewa nisan nan ya yi wa yaran yankin rana, domin ya tsare su daga radiyam.

3.4 Zuwan Leza

Leza haske ne da aka tace shi ya zama launi ɗaya tak, aka kuma tattara shi wuri guda. Albert Einstein ne ya aza harsashin iliminsa a 1917, Theodore Maiman kuma ya haɗa na'ura ta farko da ta yi aiki ranar 16 ga Mayu, 1960 a Kalifoniya. Ba a jima ba wani likitan fata na Cincinnati, Leon Goldman, ya fara gwada ta a jikin mutum a farkon shekarun 1960. A shekarun 1970 aka koma ga leza mai aiki da iskar agon, wadda haskenta shuɗi da kore ne, jini kuma yana shan irin wannan launi. Ta rage duhun tabo ga manya da dama, amma da yake haskenta yana daɗewa a kan fata, zafin yakan tsallake jijiya ya dafa naman da ke kewaye. Yara ƙanana, waɗanda su ne aka fi son a taimaka wa, su suka fi samun tabon ƙuna. Har zuwa wannan lokaci dai ba a fita daga tsohon ciniki ba, wato a ba da tabo a karɓi tabo.

Mafita ta zo a 1983, lokacin da Rox Anderson da John Parrish na babban asibitin Massachusetts a Boston suka wallafa wata maƙala a mujallar Science. Hujjarsu mai sauƙin fahimta ce. Idan aka zaɓi launin hasken da jan sinadarin jini ke sha fiye da sauran sassan fata, aka kuma sake shi cikin ƙiftawar da ta gaza lokacin da zafi ke buƙata kafin ya fita daga jijiya, to jijiyar kaɗai za ta ƙone, abin da ke gefenta ya tsira. Misalinsa kamar mace ce ta taɓa bakin tukunya mai zafi ta janye hannu nan take, zafin bai sami sukunin ratsa yatsa ba. A kan wannan ƙa'ida aka ƙera leza mai aiki da ruwan rini, mai fitar da haske rawaya. Ana auna launin haske da nanomita, wato kashi ɗaya cikin biliyan na mita. Na'urorin farko suna kan 577, daga baya aka matsa zuwa 585 da 595 domin hasken ya ƙara nutsewa. Kowane bugu bai kai rabin kashi ɗaya cikin dubu na sakan ba a na'urorin farko.

A 1989 Oon Tian Tan da abokan aikinta suka ba da rahoton yara 35 da aka yi wa aiki da wannan na'ura, tabonsu ya washe ba tare da irin ƙunar da aka saba gani ba. Wannan rahoto ya sa an yi zaton an gama da matsalar. A tsakiyar shekarun 1990 kuma Stuart Nelson da abokan aikinsa a Kalifoniya suka ƙara wata dabara, ita ce fesa wani ruwa mai tsananin sanyi a kan fata dab da saukar haske, domin saman fata ya huce yayin da jijiyar da ke ƙasa ke ƙonewa.

Da aka daɗe ana aiki, sai murna ta ragu. Hasken ba ya wuce zurfin milimita ɗaya zuwa biyu, saboda haka jijiyoyin da ke can ƙasa suna tsira. Waɗanda tabonsu ke ɓacewa ƙaf ba su wuce ɗaya cikin biyar ba, mafi yawa sauƙi suke samu, wasu kuma ko gezau. Ba a yin aikin sau ɗaya, sai an yi ta komawa bayan kowane wata ɗaya ko biyu, sau goma ko fiye, kowane zuwa kuma wurin yakan yi baƙi kamar an doke shi har mako ɗaya ko biyu. Bugu da ƙari, a 2007 likitocin Amsterdam suka sake duba mutum 51 shekara goma bayan an yi musu aiki, suka tarar tabon ya sake yin duhu, ko da yake bai koma yadda yake tun farko ba.

3.5 Leza da Baƙar Fata

A nan ne tarihin ya fi shafar mutumin Ribah. Ƙa'idar Anderson da Parrish ta ginu ne a kan cewa jini ne zai sha hasken. Amma sinadarin da ke ba fata launinta, wanda ake kira melanin, shi ma yana shan haske rawaya, kuma shi ne a sama, jijiyoyin suna ƙarƙashinsa. A fatar Bature melanin kaɗan ne, haske yana wucewa. A baƙar fata kuwa sai ya tare hasken tun a bakin ƙofa, abin da ke isa ga jijiya ya ragu, saman fata kuma ya ɗauki zafin da ba shi aka nufa da shi ba. Sakamakon haka shi ne bororo, ko wurin ya yi fari kamar ƙuna, ko ya yi baƙi ƙirin na tsawon watanni. Ga shi kuma baƙar fata ta fi saurin yin tabon nan mai tudu da ke ci gaba da girma bayan rauni ya warke, wanda likitoci ke kira keloyid, abin da duk wanda ya san tsaga da hujin kunne ya sha gani. Ko ma'aunin launin fata da Thomas Fitzpatrick ya tsara a 1975, wanda masu aikin leza ke dogara da shi, da fararen fata ya fara, daga baya aka ƙara masa matakan masu duhu.

Wannan bai sa an ce baƙin mutum ba ya amfana ba. Sanyaya fata ya rage haɗarin, akwai kuma wata leza mai nanomita 1064 wadda melanin ba ya shan haskenta sosai, tana kuma nutsewa fiye da mai rini. Sai dai tazarar da ke tsakanin ƙarfin da zai yi magani da wanda zai ƙona ƙanƙanuwa ce, don haka tana buƙatar gwanin da ya saba da irin wannan fata, wanda zai fara gwaji a ɗan ƙaramin wuri ya jira ya ga abin da zai biyo baya.

Idan aka dawo gida, na'urorin leza na fata da ke Nijeriya sun taru ne a asibitocin kuɗi na manyan birane irin su Legas da Abuja. Na'urar tana da tsada, ruwan rininta da na sanyayawa daga waje ake sayo su, tana kuma son wutar lantarki tsayayya. Manomin da ke Ribah, idan an tura shi gaba, zai bi ta babban asibitin Zuru ne zuwa Birnin Kebbi ko asibitin koyarwa na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo da ke Sakkwato, ko kuwa na Jami'ar Ahmadu Bello a Shika. Tafiya ɗaya ma aiki ce, balle goma, musamman tun da hare-haren 'yan bindiga suka tsananta a Danko/Wasagu daga 2021, har wasu hanyoyi da ƙauyuka suka zama sai da shiri ake bin su. Ba abin mamaki ba ne idan mai gida ya auna kuɗin mota da na taki, ya ce tabon da ba ya hana cin tuwo a bar shi.

3.6 Tabon da Ba a Bari

Sai dai akwai tabon da barinsa ganganci ne, kuma a nan ne maganar tsohuwar da aka ambata a baya take karyewa. Idan shimfiɗaɗɗen jan tabo ya kama goshi ko fatar ido ta sama, yana iya zama alamar cewa irin wannan tawaya ta jijiyoyi tana cikin ido da kuma rufin ƙwaƙwalwa. William Allen Sturge ne ya bayyana haka a Landan a 1879 a kan wata yarinya mai farfaɗiya, Frederick Parkes Weber kuma ya ƙara bayani da hoton ƙashin kai a 1922, shi ya sa ciwon ke ɗauke da sunayensu biyu. Yaron da ke da shi yana iya fara jijjiga tun bai shekara ba, gefen jikinsa ɗaya ya raunana, ruwan idonsa kuma ya hau har ya makance. A wurin da ake danganta farfaɗiya da iskoki, abu ne mai sauƙi a yi ta hayaƙi da rubutu ba tare da wani ya haɗa jijjigar da tabon da ke goshi ba. Leza ba ta da abin da za ta yi wa wannan ɓangare. Abin da ke ceton yaron shi ne awon ido da wuri da kuma maganin farfaɗiya, waɗanda duka ana samunsu a asibitocin da aka ambata.

Haka ita ma himanjiyoma, duk da cewa mafi yawanta tana bajewa, wadda ta fito a fatar ido tana iya rufe idon har ganinsa ya mutu, ta hanci da leɓe tana iya cin naman wurin, ta haɓa da wuya kuma wani lokaci tana tafe da wata a cikin maƙogwaro mai toshe numfashi. Tun daga shekarun 1960 da magungunan sitiroyid ake fama da irin waɗannan, tare da illolinsu masu yawa. A 2008 Christine Léauté-Labrèze da abokan aikinta a asibitin yara na Bordo ta Faransa suka ba wani jinjiri maganin furofaranolol saboda matsalar zuciya, sai suka ga tsiron da ke hancinsa ya yi laushi ya fara bajewa cikin kwanaki. Suka gwada a kan yara 11, aka sami irin wannan sakamako. Gwajin da aka yi a kan jarirai 460, wanda aka wallafa a 2015, ya nuna cewa kashi 60 cikin ɗari na waɗanda suka sha maganin wata shida tsironsu ya baje ko ya kusa, alhali a cikin waɗanda ba su sha ba kashi 4 ne kacal.

Furofaranolol tsohon maganin hawan jini ne da James Black ya ƙirƙiro a Ingila cikin shekarun 1960, mai araha, wanda ba baƙo ba ne a kantunan magani na Nijeriya. Arahar tasa ma ita ce abin tsoro, domin yana iya saukar da sukarin jinin jinjiri ko ya rage bugun zuciyarsa ko ya tayar masa da asma, saboda haka likita ne ke auna shi gwargwadon nauyin yaro, a ba shi bayan ya sha nono, a kuma dakatar idan ba ya cin abinci. Sharaɗinsa babba shi ne lokaci. Tsiron yana yin mafi yawan girmansa ne kafin yaro ya cika wata biyar, wanda ya zo bayan haka ya tarar ɓarnar ta riga ta auku.

Binciken lafiya na ƙasa na 2018 ya sanya Jihar Kebbi cikin jihohin da haihuwa a asibiti ta fi ƙaranci, inda ba ta kai kashi goma cikin ɗari ba. Ma'anar wannan ita ce, a cikin waɗannan watanni biyar, idanun da ke ganin jinjirin Ribah tsirara su ne na ungozomar da ke yi masa wanka safe da yamma, da na wanzamin da ke riƙe da kansa ranar suna yana aske shi a cikin hasken hantsi, sai kuma na ma'aikacin da ke yi masa allurar rigakafi a mako na shida da na goma da na goma sha huɗu. Wanzami ya fi kowa damar ganin goshi da ƙeya da fatar kai, domin shi ne ke kawar da gashin da ya rufe su. Abin da ake buƙata daga gare shi bai wuce ya danna tabon da yatsa ba: idan ya yi haske sannan launin ya dawo, to na jini ne, aska ba ta hau shi ba, idan kuma a goshi yake ko kusa da ido ko hanci ko leɓe, sai ya ce wa mai gida a kai yaron Zuru tun kafin a yi arba'in.